Ɗinkin mai jego da aka yi wa aiki: abin da ke sa shi ruwa, da yadda za a tare shi tun daga awo har arba'in

A ɗakin masu jego a nan Gusau, ranar da muka fi ganin dawowar matan da aka yi wa aiki ita ce washegarin suna. An sallami mace a rana ta huɗu tana takawa da ƙafarta, ɗinki a bushe. Ta koma gida, 'yan barka sun cika ɗaki, ana ta daka da soye-soye. Masassara ta kama ta tun dare na biyar, amma ta danne don kada ta ɓata wa mutane taro. Sai an watse a ɗauko ta, kafin a gama kwance zane wari ya riga ido isa.

Abin da dangi ke fara cewa kusan ɗaya ne: ko likita bai iya ɗinki ba, ko ta ci abin da bai kamata ba. Wani lokacin laifin na asibiti ne, ba na musu. Amma a shekarun da na yi ina karɓar haihuwa, abin da na fi gani shi ne ƙwayar cutar ta riga wuƙar likita shiga jikin matar, tun a sa'o'in da ta kwashe tana naƙuda a gida, sannan ta samu wurin yaɗuwa a kwanakin da babu wanda ke ɗaga zane ya duba. Farkon lamarin da ƙarshensa duk a hannun 'yan gida suke, shi ya sa na rubuta wannan don mai ciki, da mijinta, da uwar da za ta zauna mata jego.

Cutar kan sauka a wurare uku: a fatar ɗinki da kitsen da ke ƙarƙashinta, a cikin mahaifa, ko a mafitsara saboda robar fitsari. Kowacce aka bari tana iya bi ta jini ta game jiki, wannan ita ce mai kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2016 cewa a Afirka matan da ɗinkinsu ke kamuwa bayan wannan aiki suna iya kaiwa 20 cikin 100. Duk ciwon da ya ɓulla a wurin cikin kwana 30 bayan aiki, ana lissafa shi a matsayin ciwon aikin. Wannan ba dalilin gudun tiyata ba ne. Na ga matan da aka hana yi wa aiki saboda tsoro, na kuma ga yadda suka ƙare da fashewar mahaifa ko yoyon fitsari. Aiki yana ceton rai, abin da ake nema shi ne a shiga shi da jiki mai ƙarfi, kuma da wuri.

Mataki na farko: awo, don a san da wane jiki za a shiga

Ciwo da jini yake warkewa. Jini ne ke kai wa naman da aka yanka iska da abinci, shi ne kuma ke ɗauke da sojojin da ke yaƙar ƙwayar cuta. Macen da ta shiga tiyata da ƙarancin jini, ta kuma ƙara zubar da wani a kan gadon aiki, ɗinkinta ba ya da abin da zai kama da shi. A wurinmu wannan ne babban haɗarin da aka fi rainawa, domin haihuwa kusa da kusa da zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin abinci mai gina jiki sun sa mata da yawa suna yawo da rabin jini ba su sani ba. Ki nemi a gwada miki jini a zuwanki na farko, a kuma maimaita wajen wata na bakwai. Lambar da ma'aikata ke kira PCV in ta gaza 33, jininki ya yi ƙasa. Ki tambaya a gaya miki lambar, a rubuta a kati.

Ƙwayoyin da ake bayarwa a awo, jar nan ta ƙarin jini da 'yar ƙaramar rawaya, kullum ake sha har bayan haihuwa. Bayan gida zai yi baƙi, ba komai ba ne. Kada a haɗa su da shayi, yana hana jiki tsotse su, gara a kora da ruwa ko a bi da lemo. Fansidar, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba masu ciki daga wata na huɗu, da tazarar aƙalla wata guda tsakanin kowane sha, da kwana cikin gidan sauro, duk tsaron jini ne. Allurar tetanus kuma kada a tsallake ta.

Sai suga. Idan ya yi yawa a jini, sojojin jiki kan yi sanyi, ciwo ya ƙi haɗewa. Wadda ta taɓa haifar ƙaton jariri mai kilo 4 ko fiye, ko ɗa ya taɓa mutuwa a cikinta ba a san dalili ba, ko akwai masu ciwon a gidansu, ta faɗa a gwada ta. Mai jiki sosai ma tana cikin haɗari, don kitse ba ya da wadatar jijiyoyin jini, ga tumbi yana rufe ɗinki yana tara gumi. Ba a rage ƙiba da ciki, sanin ne dai ke da amfani, don likita ya shirya ita ma ta shirya. Gwajin cuta mai karya garkuwar jiki yana cikin awo, wadda aka samu tana da ita ta kama maganinta da gaske, haɗarinta yana raguwa ƙwarai, ta kuma tsare ɗanta. Zafin fitsari, ko ruwa mai wari ko ƙaiƙayi daga gaba, a yi maganinsu a asibiti kafin watan haihuwa, domin ƙwayoyin da ke zaune a nan su ne ke hawa mahaifa ranar naƙuda. Hawan jini ma a bi shi, shi ne ke kai mace ga jijjiga da aikin gaggawa.

Mataki na biyu: a shirya hanya tun ciki na wata takwas

Aikin da aka sa wa rana da aikin da aka yi a guje da tsakar dare sunansu ɗaya, amma haɗarinsu ba ɗaya ba ne. A na farko faya ba ta fashe ba, bakin mahaifa a rufe yake, ba hannun da ya shiga. A na biyu sau da yawa komai ya riga ya gurɓace. Saboda haka wadda aka gaya wa a awo cewa aiki za a yi mata, saboda ɗa ya kwanta a gicciye, ko mabiyiya ta tare hanya, ko an taɓa yi mata aiki sau biyu, ta zo a ranar da aka ba ta. Zama a gida a ce bari a gwada ko Allah zai sa ta haihu da kanta, shi ne ke mayar da aiki mai sauƙi ya zama mai wuya. Wadda aka taɓa yi wa ko sau ɗaya ne, a asibitin da ke iya tiyata za ta yi naƙuda.

Mu a Zamfara akwai abin da ba za a ɓoye ba. Matar da ke ƙauyukan Ɗansadau, ko Zurmi, ko Shinkafi, ko bayan Anka, in naƙuda ta kama ta bayan magariba, da wuya a samu direban da zai yarda ya hau hanya kafin gari ya waye, saboda rashin tsaro. Wannan dare ɗaya shi ne sa'o'in da ƙwayar cuta ke buƙata. Don haka Malam, in matarka tana cikin waɗanda na ambata, ko yarinya ce ƙarama mai cikin fari, ka kawo ta gidan ɗan uwa a cikin gari mako biyu ko uku kafin lokaci. Ka je da kanka babban asibitin ƙaramar hukumarku ka tambaya: ana yin aikin haihuwa a nan da dare? Akwai jini? In babu, ka san inda za ka nufa kai tsaye ba tare da ɓata lokaci a tsakani ba. A Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, da asibitin mata da yara na Sarki Fahad.

A tanadi mutum biyu masu lafiya da za su iya ba da jini. A kuma warware maganar sa hannu tun yanzu. Na sha ganin mace kwance tana jiran a samo mijinta a waya ya ce a yi, alhali shi yana kasuwar wani gari inda ba sabis. Mace baliga mai hankali tana iya sa hannu da kanta, amma yawancin matanmu ba za su yi ba sai sun san maigida ya amince. Ka faɗa mata a gaban mahaifiyarka da tata: in likita ya ce aiki, na yarda, kada a jira ni. Game da kuɗi, a watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da yi wa mata mabuƙata aikin haihuwa kyauta, a asibitocin da aka sa cikin tsarin. Ka tambaya a wurin awo ko naku yana ciki, amma ka ajiye wani abu a gefe duk da haka.

Mataki na uku: ranar naƙuda, a kula da agogo da hannu

Nan ne kan maganar. Muddin faya ba ta fashe ba, ɗa yana cikin jaka rufaffiya, ƙwayoyin cutar da ke gaban mace ba su da hanyar hawa. Da ta fashe, ƙofa ta buɗe, kowace sa'a suna ƙara hawa suna hayayyafa a cikin ruwan ɗumi da ya rage. In aka kai kimanin awa 18 ba a haihu ba, haɗarin ya ƙaru sosai, shi ya sa asibitoci da yawa ke fara ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta daga nan. Idan daga baya aka yi aiki, ta cikin wannan gurɓataccen ruwa wuƙa za ta bi, ya malalo kan naman da aka yanka, a ɗinke da shi a ciki komai ƙwarewar likita wajen wankewa.

Saboda haka da ruwa ya zubo, ko da ciwon naƙuda ko babu, a riƙe lokacin. In ba agogo, a riƙe sallar da ta wuce: bayan azahar ne, ko kafin asuba. A sa tsumma mai tsabta, a duba launin ruwan. Fari kamar ruwan shinkafa shi ne daidai. Kore ko mai wari, ko uwa ta ji jikinta ya ɗau zafi, wannan gaggawa ce. Daga lokacin ba kwanciya da miji, ba zama cikin ruwa, ba cusa komai, a kama hanya. Kuma in an isa, a faɗi gaskiyar lokacin. Mata da yawa sukan ce mana ɗazu ne, don tsoron faɗa, alhali tun jiya ne. Wannan amsa ita ke canja irin maganin da za a ba ki da tsawon kwanakin da za ki sha shi.

Sai hannu. Duk sanda aka sa yatsa don a ji ko ɗa ya sauko, ana tura ƙwayoyin cuta daga waje zuwa ciki, ko da safar hannu. A asibiti ƙa'idar ita ce a duba mace sau ɗaya duk awa huɗu, sai in akwai dalili. A gida kuwa, ungozoma ta duba, gwaggo ta duba, maƙwabciya mai yawan haihuwa ta ce bari ita ma ta ji, wani lokacin da man shanu ko man gyaɗa a hannu. Ina girmama ungozomomin gargajiya, da yawansu sun karɓi haihuwar rabin gari, kuma waɗanda suka fi sanin aiki su ne ke saurin cewa wannan ba tawa ba ce, ku tafi. Roƙona gare su ɗaya ne: hannu ya tsaya a waje. Yankan gishiri da reza kuwa ba ya buɗe hanyar da ƙashi ya tare, sai dai ya buɗe wa cuta da yoyon fitsari. Haka allurar naƙuda ko ƙwayar da ake sayowa a kemis, tana iya fasa mahaifa, musamman mai tsohon ɗinki.

Tsohon darasi ne wannan na hannu. A 1847 wani likita ɗan ƙasar Hungari, Ignaz Semmelweis, ya tilasta wa likitocin wani ɗakin haihuwa a Biyana ta ƙasar Ostiriya su wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa masu naƙuda, cikin 'yan watanni mutuwar masu jego da zazzaɓi ta faɗi ƙasa warwas.

Naƙuda mai ƙarfi da ta fara da asuba ta kai magariba ba haihuwa, ta wuce ƙa'ida. Iyaye mata ku sa ido a kan mai cikin fari, don kunya kan sa yarinya ta shige ɗaki ta cije leɓe yini guda ba ta gaya wa kowa ba. Doguwar naƙuda tana matse naman mahaifa da mafitsara tsakanin kan ɗa da ƙashi har jini ya daina isa gare su, naman da ya galabaita haka kuwa shi cuta ta fi saurin kamawa.

Mataki na huɗu: a bakin ɗakin tiyata

Kada ki aske gashin mara da reza a gida don kin ji za a yi miki aiki. Reza tana barin ƙananan tsaga da ido ba ya gani, kafin safiya ƙwayoyin cuta sun zauna a ciki, daidai inda za a yanka. In gashin zai hana aiki, ma'aikata za su rage shi da almakashi ko injin aski dab da shiga. In aikin sa rana ne, ki yi wanka da sabulu da daddare da kuma safiyar ranar, ki wanke cibiya da ƙarƙashin tumbi, kada ki shafa mai ko hoda a ciki.

Abu mafi ƙarfi da asibiti ke yi shi ne allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, minti 30 zuwa 60 kafin a yanka fata, don maganin ya riga wuƙa isa wurin. Binciken da aka tattara ya nuna tana rage ciwon ɗinki da na mahaifa da kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Amfaninta a lokacinta yake. In an rubuta wa mai jinya ya sayo, ya fara kawo ita kafin komai, kuma daga kantin magani na ƙwarai. Ana kuma wanke fatar ciki da maganin kashe cuta, a goge gaba da ruwan aidin ko makamancinsa kafin a fara. Ki faɗa in wani magani ya taɓa sa miki ƙuraje ko kumburi. Sauran abubuwan, kamar tsawon aikin da yawan jinin da ya zuba, ba a hannunki suke ba, amma ki tambaya bayan an fito. Wadda aikinta ya daɗe, ko aka yi mata ƙarin jini, ko aka yanka ta a tsaye daga cibiya zuwa ƙasa maimakon a kwance, tana buƙatar ƙarin sa ido.

Mataki na biyar: kwanakin gado

Ki tashi da wuri. Da ƙafafu sun saki daga allurar kashe jiki da aka yi miki a baya kuma ma'aikaciya ta ba da izni, a taimaka miki ki zauna, washegari ki taka. Tafiya tana buɗe huhu, tana motsa hanji, tana fitar da jinin biki, tana hana jini daskarewa a ƙafa. Robar fitsari yawanci ana cire ta cikin kwana ɗaya, don kowane yini da ta ƙara haɗari ne. Amma wadda ta yi doguwar naƙuda akan bar mata ita mako ɗaya zuwa biyu da gangan don a tsare ta daga yoyon fitsari, kada ta matsa a cire. Jakar da fitsarin ke taruwa a ciki dai ta kasance ƙasa da mara koyaushe, amma kada ta taɓa daɓen ɗaki.

Filastar farko ba a ɗaga ta kafin awa 24 zuwa 48. Mai jinya kada ta leƙa, 'yan dubiya kada su zauna a kan gado. Duk wanda zai taɓa wurin ya wanke hannu, har da mu. In kin ga ma'aikaciya ta taso daga wani gado ta nufo ki, ba rashin kunya ba ne ki ce, Sista don Allah a canja safar hannu.

Kafin sallama ki samu amsar abu huɗu: zaren mai narkewa ne ko na cirewa, yaushe za a cire, wace rana za ki dawo a duba, kuma kwana nawa za ki sha maganin da aka ba ki. In an rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shanye shi duka a kan lokaci.

Mataki na shida: gida, da maganar wankan jego

Hajiya, ke da za ki zauna mata, da ke nake magana yanzu. Na san yadda aka yi miki, na san kuma da ƙauna kike hura wutar nan tun asuba. Amma jegon mai ɗinki daban yake. Fatar da ke kewaye da ɗinki takan yi makonni a dushe, ba ta jin zafi sosai saboda an yanke ƙananan jijiyoyinta, don haka tafasasshen ruwa zai iya ƙona ta ba ta sani ba. Na ga ƙuna a kan ɗinki wadda ta fi aikin kansa wuyar warkewa. Fyaɗa ganye a ciki, da gasa wurin da tsumma mai zafi, da danna mara don wai a fitar da mataccen jini, da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, duk a ajiye su. Zafi da laima suna jiƙa ɗinki su sassauta shi, dannawa kuma tana iya buɗe shi.

Ta yi wanka kullum, wannan dole ne. A tafasa ruwan don a kashe abin da ke cikinsa, musamman na rijiya ko na 'yan garuwa, sannan a bar shi ya huce har gwiwar hannu ta iya jure shi. Ruwa da sabulu marar ƙamshi su gangara ta kan ɗinkin ba tare da soso ba, sai a dafe shi da tsumma mai tsabta wanda aka ware masa shi kaɗai, ana wankewa ana shanyawa a rana. Ba zama cikin baho. Mai tumbi ta ɗaga shi da hannu ta bushe lungun sosai, ta kwanta rigingine na ɗan lokaci iska ta shiga, sau biyu ko uku a yini. A watannin zafi na Maris zuwa Mayu gumi kaɗai ya isa ya jiƙa wurin, sai a sa ƙyalle mai tsabta a lungun ana canjawa. Zane da siket a ɗaura su sama da ɗinki, ɗaurin ciki mai tsanani a jinkirta shi sai likita ya ga wurin ya kama. Ƙunzugu a canja shi akai-akai, a wanke hannu kafin da bayan, tsarki kuma daga gaba zuwa baya.

Ba a shafa wa ɗinki komai. Ba man kaɗanya, ba man zafi, ba toka, ba garin magani, ba ƙwayar Ampiclox da ake fasawa a barbaɗa. Wannan ta ƙarshen tana yin ɓawo a sama ta rufe mugunya a ƙasa. Addu'a da tofi a yi su, amma ba a kan buɗaɗɗen ciwo ba.

Abinci kuwa a sake mata. Na sha jin ana hana mai ɗinki ƙwai da gyaɗa da nono wai suna sa ciwo ruwa, alhali da irinsu jiki ke saƙa sabon nama. Ƙwai, wake, kifi, hanta, ƙaurin jego, zogale, fura da nonon da aka dafa, da ruwa mai yawa. Kunun kanwa ne nake roƙon a rage ƙwarai, mai hawan jini ko kumburi kuma ta bar shi gaba ɗaya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da zafin jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Kar ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi, ba daka ba jan ruwa har ta yi arba'in. In za ta yi tari ko atishawa ta dafe wurin da matashi.

Mataki na bakwai: a duba kullum, a san ranar komawa

Ciwon ɗinki ya fi ɓullowa tsakanin rana ta huɗu da ta bakwai, wato daidai hidimar suna. A sa mutum ɗaya, uwa ko yaya, ta riƙa duba wurin kowace safiya a hasken rana da wankakken hannu, don mai ɗinkin ba ta iya ganin ƙasan cikinta. A baƙar fata ba lallai a ga ja ba. A nemi wurin da ya ƙara duhu, ko yake sheƙi, ko ya kumbura ya yi tauri, a kuma sa bayan hannu kusa a ji ko ya fi sauran ciki zafi. Ma'auni mafi sauƙi shi ne ciwo: na yau ya kamata ya fi na jiya sauƙi. In ya juya yana ƙaruwa, ko yana zuga kamar maruru, akwai magana. A sayi ma'aunin zafin jiki, ba shi da tsada.

A koma asibiti a ranar, ba gobe ba, in zafin jiki ya kai digiri 38 ko tana rawar sanyi, in ɗinki yana fitar da mugunya ko ruwa mai wari ko bakinsa ya buɗe, in jinin biki ya yi ɗoyi ko ya dawo da yawa bayan ya ragu, in mara tana ciwo in an taɓa, ko fitsari yana zafi. Kuskuren da ya fi cin rai shi ne a ce maleriya ce, ko ruwan nono ne ke sauka, a sayo magani a kemis a yi kwana uku ana jira. Tana iya zama maleriya, amma a mai ɗinki sai an gwada jini an kuma duba ciki da ɗinki kafin a tsaya a kan haka.

Akwai kuma alamun da ba a jira ko awa ɗaya: numfashi sama-sama, bugun zuciya da sauri, ruɗewa ko magana ba kan gado, yini ba fitsari, hannu da ƙafa sun yi sanyi, ko fatar gefen ɗinki tana baƙi tana yaɗuwa da ciwo mai tsanani. Wannan cutar ta shiga jini ko tana cin nama. Ƙafa ɗaya da ta kumbura tana ciwo ita ma gaggawa ce. In ɗinki ya buɗe har ana ganin abin ciki, kada a mayar da shi, a rufe da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da dafaffen ruwan da ya huce, kada a ba ta ci ko sha, a ɗauke ta a kwance. Wadda gidanta ke nesa da hanya mai aminci, kuma tana cikin masu haɗarin da na lissafa, gara ta yi mako biyun farko a cikin gari, ko da za a yanka ragon suna a ƙauye ba ta nan.

In an dawo, abin da za a yi yakan tsorata dangi, gara a sani tun yanzu. Likita zai iya warware zare kaɗan ko duka don mugunya ta fita, ya ɗebi kaɗan a kai ɗakin gwaji a gano maganin da zai ci ƙwayar, sannan a bar ciwon a buɗe ana wankewa kullum. Ba sakaci ba ne. Ciwon da ya ruɓe daga ƙasa yake cikowa, in aka rufe shi da datti a ciki sai ya sake fashewa. Bayan nama ya yi ja ya yi kyau, a sake ɗinkewa ko a bar shi ya haɗe da kansa, abin yakan ɗauki makonni. In mahaifa ce ta kamu, sai an kwantar da ita an ba ta magani ta jijiya. A mafi yawan lokuta za ta ci gaba da shayarwa, ta dai tuna wa mai rubuta magani cewa tana ba da nono.

Ko komai lafiya, a je duba ɗinki a ranar da aka sa, a kuma koma a mako na shida. A wannan zuwan ne za a yi maganar tazara, domin ɗinkin mahaifa yana buƙatar shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin wani ciki, jinin da aka rasa shi ma yana buƙatar lokaci ya dawo. Takardar sallama a adana ta inda ruwa ba zai taɓa ba. A ciki na gaba, ranar awon farko, ki miƙa ta, ki kuma faɗa da bakinki ko ɗinkin baya ya yi ruwa, da kwana nawa ya ɗauka kafin ya warke.